Koya wa ɗaliban kwamfuta iya magana ta hanyar bidiyo, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

MalaminKod ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai matsalar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya riga ni shiga wannan ruwan.

Ina koyar da injiniyancin manhaja a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan Zariya, 'yan aji uku nake ɗauka. Yaran nan wallahi suna da kai, akwai wanda in ka ba shi aiki da yaren kwamfuta irin Python ko Java kafin ka ce kwabo ya gama, wasu ma a waya suke rubuta kod don ba su da laftof, amma ka ce ya miƙe ya yi wa mutum bayanin abin da ya rubuta da hannunshi sai ka ga kamar an ɗinke mishi baki. Kai a ƙasa, murya can cikin maƙoshi, yana karanto abin da ke jikin allo kalma bayan kalma.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne abin da ya faru da wani ɗalibina, cikin na gaba-gaba a ajin. Ya samu wani Alhaji mai shagon magani a Sabon Gari yana so a yi mishi manhajar lissafin kaya. Yaro ya je sau ɗaya, Alhaji na bayani yana sallamar kwastomomi a lokaci guda, shi kuma sai "to Alhaji, to Alhaji, na gane". Ya dawo ya kulle kanshi sati shida. Da ya kawo min na duba, tsakani da Allah aikin ya yi kyau, komai a tsare. Muka tafi tare ya nuna. Ba mu yi minti biyar ba wata mata ta shigo ta ce a ba ta farasitamol kati ɗaya, Alhaji ya ce yauwa shigar mu gani. Babu wajen shigarwa. Manhajar kwali kawai ta sani, shagon kuwa kusan duk cinikinshi kati-kati ne, wani ma ƙwaya biyu zai ce a ɓallo mishi. Sai Alhaji ya sunkuya ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin kanta, bangonshi duk ya yi laushi, ya ɗora a gabanmu ya ce, ni fa wannan ne ya hana ni barci, littafin bashi, ina yake a cikin abin naku? Yaro ya yi tsit.

A cikin keke muna dawowa, wajen Kwangila, ya ce min Malam wallahi ya ambaci bashi tun ranar farko, ban gane yadda yake so ba kuma na ji nauyin in sake tambayarshi, sa'an babana ne.

Maganar nan ta tsaya min a rai don ban ga laifinshi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, babba na magana ba ka katse shi, ba ka sa shi maimaici. Mu ne muka koya mishi yadda ake zana taswirar manhaja da yadda ake gwada ta, amma ba wanda ya taɓa nuna mishi yadda ake tsayawa gaban dattijo a tatso abin da yake so ba tare da an yi rashin kunya ba. Kwas ɗin Turancin da suke yi a aji ɗaya nahawu ne da rubutun insha'i, bai taɓo nan ba.

To ajin nawa sun haura ɗari, awa biyu gare ni a sati, ba yadda za a yi kowa ya tashi ya gwada a gabana. Shi ya sa na yi tunanin bidiyo. Na ma fara, na zaɓo guda uku a YouTube kan yadda ake gabatar da aiki da yadda ake mitin na tura musu a gurup ɗin WhatsApp. Rabi suka ce ba data, waɗanda suka kalla kuma da aka zo gabatar da furojet ban ga abin da ya canza ba ko kaɗan. Shin dama bidiyo ba ya aiki a irin wannan ne, ko ni ne ban iya bi da shi ba? Wane iri ya kamata, da Hausa ko da Turanci, kuma ya ake ba da maki a kai? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka min.

Malama_Gyallesu ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu da yaran nan har haka. Ni ba 'yar kwamfuta ba ce, malamai nake horarwa, amma ina karanta labarinka na ce ai wannan namu ne, mu mun daɗe muna fama da shi.

Duk ɗalibin da ya yi NCE ya san ƙaramar koyarwar gwaji da ake sa su yi kafin a tura su makarantu. Asalin abin daga jami'ar Stanford ta Amurka ne a 1963, Dwight Allen da abokan aikinsa, kuma tun a shekarun farko suka haɗa shi da ɗaukar bidiyo. Ɗalibi zai koyar na 'yan mintuna ga mutum kaɗan, a ɗauka, ya zauna ya kalli kansa, a gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, sannan ya SAKE koyar da wannan darasin dai. Wannan sakewar ita ce maganin, kuma ita ce mutane suka fi yawan tsallakewa saboda lokaci.

Kai abin da ka yi shi ne ka ba su kallo. Kallo kuwa daɗi gare shi, mutum zai gama ya ji kamar ya iya. Duk yarinyar da ta tashi a gidan Bahaushe ta kalli ana tuƙa tuwo sau ba adadi, amma ranar da aka miƙa mata muciya sai gudaji sun cika tukunyar, sau ɗaya sau biyu, kafin hannunta ya faɗa. Akwai wata farfesa mai suna Michelene Chi da ta kasa yadda ɗalibi ke hulɗa da darasi gida huɗu, na ƙasa shi ne ya zauna yana karɓa kawai, sai wanda yake taɓa wani abu kamar tsayar da bidiyo ko ja layi, sai wanda yake fito da nasa tunanin ya rubuta, na sama duka shi ne mutum biyu ko uku suna ja-in-ja a kai kowa na ɗorawa kan na ɗan'uwansa. Abin da ka tura a gurup a matakin ƙasa ya tsaya.

Sannan tsawon bidiyon nawa ne? A 2014 Philip Guo da wasu sun bibiyi yadda ɗalibai ke kallon bidiyon darussa a dandalin edX, kallo miliyoyi, suka ga daga wajen minti shida hankali yake fara barin wurin. To in ka tura na minti ashirin da biyar ka san sauran.

Da ni ce ga yadda zan yi. Bidiyo ɗaya gajere, tambaya ɗaya rak. Kar ka ce "ku kalla ku koyi darasi", ka ce ku rubuto min minti na nawa ne mai saurare ya nuna bai gane ba, kuma me ya ce. Ko ku ƙirga sau nawa aka katse wani. Da ka ba ido aiki sai ya fara gani. Akwai ma malamai a jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand da suka gina wani dandali mai suna AVW-Space a kan haka, har sun yi amfani da shi da ɗaliban manhaja irin naka, ɗalibi na kallo yana rubuta sharhi a daidai wurin da abin ya faru, daga baya ya karanta sharhin 'yan ajinsu ya auna. Ba sai kana da dandalinsu ba, takarda da biro sun isa.

Maganar data kuwa, ka sauke sau ɗaya ka ba shugaban aji, su raba ta Xender ko Bluetooth. Mutum huɗu su haɗa kai a kan waya ɗaya a gindin bishiya, ka ga rashin datar ma ya kai su wancan matakin na sama ba shiri.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, na farkon da za su ɗauki kansu kar ka sa masa maki. Kuma in an zo gyara, mai bidiyon shi zai fara magana, ya faɗi abin da ya gani a kansa kafin kowa ya buɗe baki. Na ga ɗalibar da ban taɓa iya shawo kanta ta ɗaga murya ba, wata uku ina faɗa, rana ɗaya ta kalli kanta ta juyo ta ce Malama ashe ba a jin abin da nake cewa? Shi ke nan, ban sake maimaitawa ba.

DanKwangila ya rubuta:

Slm Malam Allah ya ƙara lafiya. Wlh labarin yaron nan kamar ni aka ɗauko, bari in faɗi nawa daga ɓangaren wanda ya fita ya shiga aikin.

Na gama karatu nan Zariya, yanzu ina yi wa wani kamfani na waje aiki daga ɗakina, kuma gaskiya abin da ban taɓa zato ba shi ne yawan maganar da ke cikin aikin nan. Kullum akwai mitin ɗin safe na minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare mishi hanya. Wannan na ukun shi ya kusa cinye ni. Watana na farko na maƙale a wani waje kwana huɗu cur, kullum in an zo kaina sai in ce komai lafiya ina kai, don a raina in na ce na kasa za su ce ɗan Najeriyan nan bai iya ba su sallame ni, ga shi da ƙyar na samu. Rana ta biyar shugaban tim ɗin ya kira ni mu biyu, ya duba, ashe wani izini ne ba a buɗe min ba, minti goma ya gyara. Bai yi faɗa ba, ya ce min kawai mutum biyu suna jiran aikina tun Litinin ba su san dalili ba. Daren nan ban yi barci ba.

Abin da ya gyara ni bidiyo ne amma nawa na kaina. Akwai OBS Studio, kyauta ne, yana ɗaukar sikirin da murya. Duk aikin da na gama sai in ɗauki minti biyu ina bayani kamar ga mutum a gabana, in saurara. Na farko da na ji na yi mamaki, sai da na ci minti ɗaya da rabi ina zagaye ina ba da tarihin yadda na fara kafin na faɗi me abin yake yi. Mu dama haka muke, sai an yi gaisuwa an yi shimfiɗa, kuma yana da kyau a muhallinshi, amma wanda ke da mitin goma a rana so yake ka fara da kan magana. Na yi ta sakewa har ya zama jiki.

Amma Malam ga inda nake ganin bidiyon YouTube ɗin suka gaza maka. Mutanen ciki Turawa ne, yaro zai kalli oga ido cikin ido ya kira sunanshi gatsau ya ce ban yarda ba. Ɗalibinka na kallo ya san in ya yi wa Alhajin Sabon Gari haka korar kare za a mishi, to sai ya ajiye duka darasin a matsayin abin da ba namu ba. Alhali muna da namu hanyoyin na tambayar babba cikin ladabi, ba a dai taɓa haɗa mana su da aikin kwamfuta ba. "Alhaji a gafarce ni, bari in maimaita abin da na fahimta, in na kauce a gyara min." Wane dattijo ne zai ji haushin wannan? Daɗi ma zai ji. Ko "Alhaji ko za a nuna min yadda aka sallami wanda ya fita yanzu, daga shigowarshi har ba da canji." Da yaronka ya faɗi wannan jimlar guda ɗaya da ya ga kati, da ya ga littafin bashi.

Don haka shawarata ku ɗauki naku. Waya ɗaya, ɗalibai biyu, ɗaya ya sa babbar riga ya zama mai shago. A yi sau biyu, na farko yaro na ta "to, to" ya tafi da rabin magana, na biyu ya yi tambaya. Minti uku-uku. Da Hausa, don da Hausa za su yi da kwastoman gida. Na difens, wato kare furojet a gaban malamai, da intabiyu kuma a yi da Turanci, abu biyu ne daban kar a cakuɗa. Kuma ka gaya musu daga bakina, ba wanda ya taɓa damuwa da karin harshena a wajen aiki, akwai 'yan Indiya akwai 'yan Brazil kowa da irin nashi Turancin, abin da ake so a gane ka.

In kana son abin da zai girgiza su a lakcar farko ka ba su labarin kumbon NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, mai suna Mars Climate Orbiter da ya salwanta a duniyar Mars a 1999. Manhajar ɓangare ɗaya tana fitar da lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya ɗauka da ma'aunin newton ne, kamar kai kana awo da mudu shi yana rubuta tiya, kumbo ya yi ƙasa fiye da kima ya tafi ke nan. Manyan injiniyoyi ne fa. Sannan ka sa su lissafin masanin manhaja Fred Brooks a allo, mutum biyar a tim hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne, in suka zama goma sai su koma 45. Yaran lissafi ne, lamba ta fi shiga kansu.

YarHanwa ta rubuta:

Malam ina wuni, Allah ya ƙara girma. Ni ɗaliba ce, ajin ƙarshe, ba a makarantarku ba ina jin, amma don Allah a ji ta bakinmu kafin a kunna kyamara.

Akwai wata ƙawata da aka ɗauke ta tana gabatar da asaimen, harshenta ya sarƙe a wata kalma aji ya yi dariya, kafin magariba an yanko wajen an mai da shi sitika yana yawo a gurup-gurup har ya kai wayar yayanta a gida. Yarinyar da da ita ke fara ɗaga hannu, har muka gama shekarar ban sake jin muryarta a aji ba. To in aka ce dole kowa ya ɗauki fuskarshi ya tura gurup, wallahi da yawanmu gara mu rasa makin, wasu ma matan aure ne mazajensu ba za su yarda ba kuma suna da gaskiyarsu.

Ba cewa nake kar a yi ba, ina so a yi, mu muka fi kowa buƙata. Amma a ɗauka da wayar mai bidiyon, ya zauna a hannunta, ta nuna wa Malam ko 'yan rukuninta ido da ido ba turawa ba. Wadda ba ta son fuska a bar ta ta yi irin na Yaya DanKwangila, sikirin da murya. A bar mutum ya zaɓi waɗanda zai yi da su a karon farko. Kuma a rubuta doka tun ranar farko cewa duk wanda ya fitar da bidiyon wani ya faɗi kwas ɗin, a sa hannu. Yanzu ma ai akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, hoton mutum da muryarshi ba abin wasa ba ne.

Wani abu kuma Malam, in za a ɗauka a ɗauki mitin ɗin rukuni ma ba gabatarwa kawai ba. A rukuninmu na furojet mu biyu ne mata cikin bakwai, tun zaman farko aka miƙo min biro aka ce ke ce sakatariya, ni na rubuta fiye da rabin kod ɗin amma ranar nunawa wani ne ya riƙe makirfo. In na fara magana sai wani ya ɗora tashi a kai, kuma na tabbata ba da mugunta ba ne, ba su ma san suna yi ba. Da za su kalla a ce su ƙirga kamar yadda Malama ta ce, da sun gani da idonsu ba sai na yi ƙorafi an ce na cika mita ba.

Tsohon_Injiniya ya rubuta:

Na karanta duka. Malama da ƙanena na Kwangila sun yi magana mai kyau, 'yata ta Hanwa kuma ta faɗi abin da mu maza ba za mu tuna ba, Allah ya yi miki albarka. Amma ni ina da ja kaɗan.

Na shekara sama da ashirin ina haɗa wa asibitoci da makarantu da 'yan kasuwa na'ura, kuma ina tsoron kar a mai da hankali kan iya BAKI a manta da iya KUNNE. Yaron Malam ba rashin iya jawabi ne ya kayar da shi ba. Da zai iya zuba kamar ɗan jarida ma haka zai dawo da manhajar kwali. Abin da ya rasa shi ne zama. Kwastoma ba ya gaya maka abin da yake yi, abin da yake zaton yana yi yake gaya maka. Na taɓa yi wa wata makaranta mai zaman kanta tsarin kuɗin makaranta, mai makarantar ya rantse min kowa biya ɗaya yake yi a farkon zango. Na ce a ba ni kujera kusa da akawu. Kafin azahar na ga mai biyan rabi, na ga wanda aka yafe wa saboda maraya ne, na ga uba mai 'ya'ya huɗu da ake yi wa ragi, na ga wanda ya kawo buhun masara a madadin kuɗi. Ba ƙarya ya yi min ba, shi a wajensa waɗannan ba tsari ba ne, mutunci ne. To wannan wane bidiyo ne zai nuna maka?

Su kansu mutum 17 da suka rubuta sanarwar Agile, wato ƙa'idojin wani salon gina manhaja, a 2001 sun ce hanyar da ta fi isar da bayani ita ce magana fuska da fuska. Ga Zariya cike da wuraren koyo kyauta, kasuwar Sabon Gari, Tudun Wada, masu gyaran waya na PZ, masu dukanci a cikin birni. Ka tura su bibbiyu, su nemi izini, su zauna wuni guda ba laftof, su dawo da shafi ɗaya na abin da suka gani wanda mai shagon bai faɗa ba. SIWES ma, wato tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ai don haka aka yi shi, sai dai yaro yakan je can ne bai san me zai kalla ba.

Ban ce a yar da bidiyo ba. A yi shi a matsayin share fage, yaro ya gwada bakinsa inda ba zai ji kunya ba. Amma kar ya zama ƙarshen tafiya.

MalaminKod ya rubuta:

Kai jama'a, Allah ya saka muku da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Yallaɓai Injiniya na karɓi gyara, kuma ina ganin maganarka da ta Malama ba su saɓa ba, don in na tura su kasuwa yanzu a yadda suke "to Alhaji" za su sake yi su dawo. Sai sun fara jin jimlar a bakinsu tukuna.

Ga abin da na tsara a daren jiya, ku duba min. Sati biyu na farko mu ɗauki namu gajeru guda biyu irin na DanKwangila, na riga na yi wa yaron nan magana ya ce shi zai fito a mai shago, har ya ce a yi amfani da labarinshi ba komai, abin ya faranta min rai ƙwarai. Su kalla hurhuɗu da tambaya ɗaya. Daga nan kowane rukuni su ɗauki nasu a wayarsu, ba turawa ba maki, su gyara su sake. Sai fita kasuwa. Ƙanwata ta Hanwa, dokarki ita ce shafin farko, kuma sakatare zai riƙa zagayawa ne duk zama, na gode da kika faɗa don ni ina ganin rukunonin nan kullum ban taɓa lura ba.

Inda na tsaya shi ne maki. In ban sa ba wasu ba za su yi ba, na san halin kayana. In na sa kuma rukuni kusan talatin ne, yaushe zan kalla duka, ga wuta ba tabbas?

Malama_Gyallesu ta rubuta:

Malam ba sai ka kalli duka ba. Ka sa makin a kan takardar da ɗalibi zai rubuto, rabin shafi, me na gani a na farko, me na canza a na biyu, a minti na nawa. Wanda bai yi ba ba zai iya ƙirƙiro wannan ba, kana karantawa za ka gane. Sai duk sati ka zaɓi rukuni uku ba tare da sanarwa ba su zo ofis da wayarsu ku kalla tare, minti goma-goma. Kuma ka auna tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ne, ba wanda ya fi zaƙin baki ba, in ba haka ba 'yan makarantun kuɗi za su kwashe makin, mai in'ina da wanda ya taso a ƙauye su karaya tun ba a je ko'ina ba.

Ranar da za ku ɗauki na mai shagon ku samu wuri mara iska, ku matso da wayar kusa da bakinsu, hoto in ya ɗan yi duhu ba komai amma murya in ba ta fita ba wanda zai kalla. Ku nemo tsohon littafi na gaske ku ajiye a ƙarƙashin tebur, kar mai shagon ya fito da shi sai an tambaye shi.